Hoton da Ba a Ɗauka Ba

A Agadas na fara gane cewa Yaya Sale ba shi da lafiya, ko da yake shi bai yarda ba. Muna wani gida da ake tara matafiya, aka kawo shinkafa da mai ya yi wa yawa. Ya yi loma kaɗan, ya tashi ya zagaya bayan katanga. Da na bi shi sai na tarar da shi a durƙushe, ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa na dama, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Yaya, lafiya?"

"Olsa ce. Koma ka ci abincinka, Habu, kafin mutanen nan su share kwanon."

Shi ne babba a ɗakinmu, kuma tun rasuwar Baba shi ne uban gidan. Acaɓa yake yi a Ƙafin Maiyaki, har ranar da aka tare shi a hanyar Falgore aka raba shi da babur ɗin. Gonarmu ba ta kai mu ko tsakiyar rani, ga matarsa Rabi da yara, ga Inna. Ni kuwa na gama sakandare da Islamiyya ina zaman kashe wando a bakin kasuwa. Da ya ce zai tafi Aljeriya aikin gini, Inna ce ta ce in bi shi, wai ko ruwa ne na riƙa ɗebo masa. Ni a raina na ɗauka ni zan riƙa lura da shi, tunda ni ne mai ilimi. Shi kuma tun daga gida yake kirana Shehi don ya ba ni haushi.

Ba zan tsaya dogon bayani kan sahara ba. Duk wanda ya ratsa ta ya sani, wanda bai ratsa ba kuma ko na faɗa ba zai gane ba. Direbanmu ya sauke mu a wani fili, ya nuna wani tudun yashi ya ce gari na bayansa, shi ba zai ƙarasa ba saboda jami'ai. Muka hau tudun, muka ga wani tudun. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai na ji ina so in shaƙe shi. Wani Buzu mai raƙuma ne ya tsince mu, ya ba mu ruwa a salka, ya dafa mana shayi, ya ɗora wata mata mai ciki a kan raƙuminsa. Bai tambaye mu ko sunanmu ba. Duk tafiyar nan Yaya ne ya ɗauki jakata a kan tasa, yana tafe yana cije leɓe, ni kuma ƙafata ta kumbura ina ta mita a bayansa.

A Tamanrasat muka yi wa wani mutum aikin katanga, da muka gama ya ce bai san mu ba. Muka ƙara gaba zuwa arewa, wani gari mai gonakin dabino, inda muka sami aiki a wani bene da ba a gama ba. A nan muke kwaɓa siminti, a nan muke kwana a kan kwali. Mutanenmu sun yi yawa a wurin, 'yan Katsina, 'yan Maraɗi, har da wani ɗan Doguwa da ya san ƙauyenmu. Babbanmu shi ne Malam Ilu, dattijo ɗan Damagaram, shi ke mana girki, shi ke jan mu salla. Larabcin Islamiyyata ya ɗan yi rana, duk da cewa in na buɗe baki 'yan garin dariya suke yi, wai ina magana kamar mai huɗubar Juma'a. Kewar gida kuwa ta fi kama ni da la'asar, lokacin da a garinmu ake dawowa daga gona ana jin ƙamshin daddawa ta kan katanga. A nan burodi ne safe da rana, har na tsani ganinsa.

Ciwon Yaya yana zuwa yana tafiya. Ran nan da safe ina zuba masa ruwan alwala, ya ɗago ido, na ga farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Malam Ilu ya zo ya ja masa fatar ido ƙasa, ya duba tafin hannunsa.

"Shawara ce," in ji shi. "Kada wanda ya kai shi inda za a yi masa allura."

Ba sai an gaya wa Yaya ba. Kowa a wajenmu ya tashi da jin cewa shawara ba ta son allura, in aka yi wa mai ita to sai dai a haƙa kabari. A gidanmu kuma maganar ta wuce ji. Shawara ce ta kama Baba, ya daɗe a kwance, da abin ya yi tsanani aka kai shi wani kemis aka yi masa allura, washegari ya cika. Yaya ne ya goya shi a babur ya kai shi. Ni ina ƙarami lokacin, amma na san bai taɓa yafe wa kansa ba.

Malam Ilu yana da garin rawaya a ƙulle cikin leda, ya riƙa dama masa a kunu. Ba zan ci amanar dattijon nan ba, da zuciya ɗaya ya yi, har nasa rabon abincin yake rage masa. Bayan wani lokaci idon ya washe, fitsarin da ya yi ja ya koma daidai. Aka yi ta hamdala, aka ce rawaya ta yi aiki. Ni ma na so in yarda. Sai dai ciwon cikin bai tafi ba, har ran da ya kayar da shi da kwanon siminti a ka. Mai ginin, wanda ba ya ko amsa mana sallama, shi ya sa shi a bayan motarsa ya kai mu asibiti, ya ajiye mu a ƙofa ya juya.

Na zaci za a tambaye mu takardu a kira mana jami'ai. Ba wanda ya tambaya. Likitar mace ce, siririya, mai saurin magana. Da ta ji irin Larabcina sai ta yi murmushi ta sassauta, ta koma irin na littafi don in gane. Ta shafa wa Yaya wani abu mai sanyi a ciki, ta goga na'ura tana kallon allo. Ta ce maɗaciyarsa ce ta cika da tsakuwa, kuma ta kumbura, dole a cire ta. Ba za a tsaga cikin ba, huji huɗu ƙanana za a yi, a zura kyamara ta ɗaya, a yi aikin ana kallo a talabijin.

Yaya ya ce, "Tambaye ta, mutum na rayuwa ba maɗaciya?"

Ta ce yana rayuwa sarai, har ya tsufa.

"To allurar barci fa?"

Wannan shi ya ba wa kansa amsa. Ya ce tunda shawarar ta sauka, a yi masa a hannu, ya yarda.

Sai ta tambaya ko idonsa ya taɓa canza launi. Na ce ya yi, kwanan baya, amma ya washe. Nan fuskarta ta sauya. Ta jawo takarda ta zana mana hanta, ta zana wata siririyar hanya da ke sauka daga hantar zuwa hanji, da maɗaciya a rataye a gefe kamar ƙaramar jaka. Ta ce ruwan ɗaci ta wannan hanya yake bi. In tsakuwa ta fito daga jakar ta faɗa hanyar, sai ta toshe ta, ruwan ya koma jini, ido ya yi rawaya. In ta ɗan gusa sai idon ya washe, amma tana nan. Na'urar da ta goga masa ba ta iya ganin ƙasan hanyar sosai, iskar hanji na tare ta. Don haka ana tsakiyar aiki, kafin a yanke maɗaciyar, za ta zura wani siririn bututu a bakin hanyar, ta tura wani ruwa da sirinji, a jawo na'urar hoto irin wadda ake duba karaya da ita. Ruwan zai haska hanyar gaba ɗaya. In akwai tsakuwa za ta fito baƙa a cikin farin, sai a san yadda za a yi da ita tun yana kan gado. Kuma hoton zai nuna mata inda za ta yanka da inda ba za ta taɓa ba.

Na fassara masa tiryan-tiryan, har ina jin daɗin kaina yadda na gane komai. Ina gamawa na ga ya janye ƙafafunsa daga kan gadon.

"Sirinji ka ce?"

"Ba a jiki ba, Yaya. A cikin hanyar."

"Hanyar me?"

"Hanyar ruwan ɗacin."

"Wato gidan shawarar kenan. A hannu ma ana gudu, ita kuma za ta bi ta har ɗakinta ta zuba mata ruwan allura. Ka ce mata ta cire jakar, na yarda. Wannan kuwa a'a."

"Yaya, ba shawarar da ka sani ba ce. Dutse ne ya toshe hanya, kamar yadda kwata ke toshewa."

"Shehi, ka karanta littafi, ni na ɗauki Baba a bayana."

Raina ya ɓaci. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Likitar tana kallonmu, ta tambaye ni me ya ce. Kafin in buɗe baki ya juya gare ta da kansa. Larabcinsa duka bai fi na sayen burodi ba, amma ya san kalmar ƙi. Ya ɗora yatsa a kan hanyar da ta zana, ya ce, "La." Ya sake cewa, "La."

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta ce akwai wata na'ura da ke ganin hanyar daga waje ba tare da an zuba komai ba, amma tana babban birni can arewa, ga layi, ga shingayen hanya da ba ma iya wucewa, maɗaciyar kuma ba za ta jira ba. Ta ce mu je mu yi shawara da manyanmu.

Na kira gida ina tsammanin zan sami mai taya ni. Ƙanin Baba, Baffa Isa, na tarar a gidan. Malami ne mai almajirai a Kiru, na ce shi zai gane. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce magani halal ne, amma abin da aka jarraba aka ga illarsa ba a komawa gare shi, kuma ba a tilasta wa babba a kan jikinsa. Aka miƙa wa Inna wayar.

"Habu, kana jina?"

"Ina ji, Inna."

"Na ba ka amanarsa. Kada ka bari su yi masa abin da aka yi wa ubanku."

Na ce to. Na tsaya a barandar asibitin ina kallon bishiyoyin dabino, na ji duk duniya ba wanda ya kai ni kaɗaici.

Aka yi aikin ba hoton. Da likitar ta fito ta ce ya tafi lafiya, ta bi a hankali, ba ta taɓa abin da bai kamata ba. Amma ta ga hanyar ta ɗan yi faɗi, kuma hakan bai kwanta mata ba. Ta riƙe hannun rigata ta ce in idonsa ya sake canzawa, ko zazzaɓi ya zo da rawar jiki, in kawo shi a ranar, kada in jira gobe. Ta ba ni 'yar kwalba da tsakuwoyin da aka ciro, kamar ƙwayar gujiya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu daɗi a duk tafiyar. A gadon kusa da namu akwai wani tsoho, matarsa kullum sai ta zo da miya a kula, ta zuba wa Yaya a kofi. Yaya ya riƙa ɗaga riga yana nuna wa 'yan ginin da suka zo dubiya 'yan filastocin cikinsa, yana kaɗa kwalbar.

"Ku ga abin da na ɗauko tun daga Ƙafin Maiyaki. Da na sani da na sayar wa mai gini." Ya kalle ni. "Shehi, yaya, na mutu?"

Na yi dariya, har na fara tunanin ko ni ne na cika tsoro. Ya koma bakin aiki yana miƙa bulo, ya ce in sanyi ya wuce zai sayi babur ko na hannu ne mu koma gida.

Ba a daɗe ba na lura ya daina kallona in muna magana. Ya sayi baƙin gilashi wai saboda ƙurar siminti. Ya koma yin alwala shi kaɗai a bayan tulin yashi. Ɗan Doguwan nan ne ya ja ni gefe ya ce in dubi idon ɗan'uwana. Da na cire masa gilashin da ƙarfi, abin da na gani ya fi na farko. Ashe Malam Ilu ya sani, ya koma dama masa rawaya, kuma Yaya ya roƙi kowa kada a gaya mini.

"Tashi mu tafi asibiti."

"Yanzu da ta dawo? Yanzu ne ma ba zan je ba. Ka bari ta sauka kamar wancan karon."

Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka a gaban mutane. 'Yan ginin suka taru suna ba ni haƙuri kamar ni ne marar lafiyar. Ba wanda ya yarda ya kama mini shi. Haka na zauna ina kallo zazzaɓi ya zo, rawar jiki ta zo, ya riƙa soshe fatarsa har tana jini. Sai da ya fara kiran sunan Rabi yana tambayar wa ya ɗaure akuya, sannan Malam Ilu ya sunkuyar da kai ya ce a nemo mota.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube shi, ta dube ni, ta sa aka ɗaura masa ruwa, aka shiga yi masa allurai ina tsaye. Ta ce hanyar ta toshe, ruwan da ya taru ya ruɓe ya shiga jini, ƙodarsa ta fara gazawa. Jikinsa ba zai ɗauki a buɗe shi ba. Abin da ya rage shi ne a zura masa bututu ta baki a buɗe hanyar daga ƙasa, wannan kuma sai a babban birni. Ta yi ta buga waya tana neman gado da motar asibiti. Aka ce a jira.

Da rana tsaka hankalinsa ya ɗan dawo. Ya daɗe yana kallon robar ruwan da ke rataye, da allurar da ke hannunsa, bai ce a cire ba.

"Habu."

"Na'am, Yaya."

"Ka ce wa matar nan ta yi hoton."

Na je na same ta na faɗa mata. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce wancan hoton ana cikin aiki ake ɗaukarsa, lokacin da bakin hanyar ke hannunta. Yanzu an ɗaure wurin an rufe.

Na dawo na zauna. Ya tambaye ni me ta ce, na ce ta ce sai an jima. Ya gyaɗa kai. Ya ce in na koma in gyara wa Inna dangar bayan ɗaki kafin damina, shi ya yi niyya bai samu ba. Daga nan bai sake magana da ni ba, sai da mutanen da ba sa ɗakin. Gadon babban birni bai samu ba har ya cika, washegari da hantsi.

Mutanen unguwar masallacin da ke kusa suka yi masa sutura, ba su karɓi komai ba. Muka binne shi a maƙabartar garin, a can gefe inda ake sa baƙi, ƙasar duk duwatsu. A hanyar dawowa ina jin 'yan ginin a bayana suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce ai da ma an faɗa. Wani ya ce yana ta fama da abinsa lafiya lau, ana kai shi aka yi masa allura, kwana ɗaya. Ban juya ba, don na san in na juya sai an raba mu.

Labarin ya riga ni isa gida, ta bakin ɗan Doguwa. Da na kira, Baffa Isa ya yi mini ta'aziyya a taƙaice ya miƙa wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Muka gaisa kamar kullum, ta tambayi sanyi, na ce da sauƙi.

"An ce da kuka koma an yi masa allura."

"An yi, Inna."

"Idonsa na rawaya?"

"E."

"Kana ina?"

"Ina tsaye a wurin. Amma Inna, ba ita ce ta kashe shi ba. Tsakuwa ce ta rage a hanyar ɗacin, ta toshe ta. Tun ranar aikin ya kamata a gan ta."

Ina jin kukan ƙaramar 'yar Yaya daga nesa, da wata mata tana sallama.

"Ita tsakuwar, ka gan ta da idonka?"

"Ban gan ta ba."

"Likitar ta gan ta?"

"Ba ta gan ta ba, Inna. Ba a yi hoton ba."

"To," in ji ta. "Allah ya ji ƙansa."

Ta miƙa wa Baffa wayar.

Har yanzu ina garin, a wani ginin daban. Ina kira duk Juma'a, Rabi ta ɗauka, yara su gaishe ni ɗaya bayan ɗaya. In aka kai wa Inna takan amsa gaisuwa, ta ce Allah ya tsare, ta mayar. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan dawo ba.